Alhamis ta Uku

Gidan Badamasi mai masauki yana cikin unguwar Hausawa ta New Bell, a wani lungu da kwata ke cika ta shigo tsakar gida duk lokacin da ruwan Duwala ya sauka da gaske. Sana'ar gidan saukar baƙi ce tun zamanin mahaifinsa. Fataken albasa daga Marwa, masu shanu daga Ngaundere, masu kaya a tashar jirgin ruwa, duk nan suke sauka. A ba su shimfiɗa da tuwo, a nema musu mai saye, a raka su inda ba su san hanya ba, su kuma su ba maigida la'adarsa.

Mutanen gidan ba su da yawa. Akwai Badamasi da matarsa Bilki, da ɗansu Nuru, saurayi har da gemu, wanda yake shirin zama jarrabawar bak, ta gama sakandare, karo na uku. Sai ƙanwar Badamasi, Najiba, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, da 'yarta Raudatu mai shekara goma.

A shekarun nan na matsin tattalin arziki da ake kira kriz, abin da gidan ya rasa shi ne baƙi. An yanke albashi, an karya darajar kuɗi, fatake suka ragu, 'yan kaɗan da suka saura kuwa masu masauki ke rububinsu. Badamasi ya iya Hausa da Fillanci da Pijin na kasuwa, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, ofis kuma ba a shigarsa da Pijin. Ita Najiba ta rasa gidan kanta da lokacin kanta. Abu ɗaya ya rage mata: gurbi a jami'a, can bayan unguwar Ndokoti, inda take karatun metiriz, wato digiri na biyu, a fannin dokar kasuwanci. An faɗa mata in ta gama da kyau sashen zai ɗauke ta ta riƙa koyar da 'yan aji ɗaya, da ɗan albashin da zai kama mata ɗaki ita da 'yarta.

Makon da aka koma karatu, Najiba ta jira yayanta ya gama cin abincin rana, ta zo ta durƙusa a bakin tabarmarsa. Raudatu tana gefe tana tsince shinkafa.

"Yaya, magana nake so mu yi a kan makaranta."

"Ina ji."

"Bara sha ɗaya na samu cikin ashirin. Sha biyu ake nema. Shi ya sa nake maimaitawa."

"Ni abin nan bai taɓa shiga kaina ba," in ji Badamasi yana sakace haƙori. "Goma ita ce rabi. Wanda ya kai rabi ya ci, haka muka sani tun muna yara. Ke kin wuce rabi, an ce kin faɗi. Ko dai ba kya gaishe su da kyau?"

"A metiriz ba haka ba ne, sha biyu ce. Kuma sau biyu kawai ake rubuta sunan mutum. Wannan shi ne na biyu. In na faɗi bana, babu na uku."

"Nuru na uku yake yi, ba wanda ya kore shi."

"Bak daban, wannan daban. Amma ga babbar maganar, Yaya. Duk Alhamis da hantsi akwai seminer, zaman da Farfesa yake yi da mu. Wanda ya yi fashi sau uku ba tare da takardar likita ba, ba zai zauna jarrabawar darasin ba, sifiri za a sa masa. Da sifiri a wannan darasin kuwa ko aljani ba zai kai sha biyu ba. Sauran ranaku duk na gida ne, duk inda ka aike ni zan je. Alhamis kawai nake roƙo."

Bilki ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Madam Metiriz ta kafa doka. Sai a rubuta a ƙofar zaure, baƙo ya daina zuwa ran Alhamis."

Badamasi ya yi dariya. "Bari, Bilki. Najiba, Alhamis taki ce, na ba ki. Wa zai hana ƙanwarsa ilmi?"

Bai hana ba. Hasali ma da ilmin yake talla. Duk inda ya haɗu da falke a kasuwa sai ya ce, "A gidana akwai lauya. Ba sai ka ɗauki wani ɗan birni ya cuce ka ba." Baƙi suka fara dawowa. Najiba ta san ƙofofin duwan, masu karɓar harajin kaya, ta san asibitoci, ta san ofishin fasfo, kullum da mayafinta da jakarta tana gaba, wani Alhaji yana binta a baya.

Wata Talata Alhaji Hamadu ya sauka daga Marwa. Injinan ban-ruwa ya yi oda, suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Najiba ta duba takardunsa ta ce aikin wuni ɗaya ne, su je gobe Laraba.

"Mutum ya kwana biyu a kan hanya ki ce gobe?" in ji Badamasi. "Bari ya huta."

Ranar Alhamis ta fito da jakarta, ta tarar da su a zaure, Alhaji Hamadu ya sa babbar riga ya shirya.

"Ga ta nan," in ji Badamasi. "Najiba, Alhaji ya shirya."

"Yaya, yau Alhamis."

"Na sani. Jiya aka ce masa in kayan suka ƙara kwana za a ninka kuɗin ajiya. Baƙonka annabinka. Sau ɗaya dai."

A gidan masauki akwai abin da ba a yi: ba a musa wa maigida a gaban baƙo. Wanda ya yi haka ya tsinka gidan, labarin kuma zai riga shi isa Marwa. Najiba ta tashi cikin wannan tarbiyya, Badamasi kuma ya san ta tashi a ciki. Ta dubi ƙasa ta ce, "To." Injinan suka fito da la'asar. Alhaji Hamadu ya yi ta sa albarka, Badamasi ya yi ta amsawa.

Daga nan abubuwa suka fara tsukewa. Baƙi sun yi yawa, aka ce ɗakin Najiba ya fi kusa da zaure, za a ba su. Aka mayar da ita da Raudatu ɗakin ajiya, tsakanin buhunan albasa da garwar manja. Babu tebur. A kan akwati take rubutu, idanunta suna ruwa saboda yajin albasa. Da kwata ta cika ta shigo, littattafanta biyu na aro suka jiƙe, ta shanya su a kan kwanon rufi shafi-shafi, Raudatu tana danne su da duwatsu.

Girkin baƙi ma ya dawo kanta, domin Bilki ta ce bayanta yana ciwo. In Najiba ta buɗe littafi a bakin murhu sai Bilki ta ce, "A dai kula kada a tuƙa mana tuwo da Faransanci." In ta ce tana son awa guda ta yi bita, sai a ce, "Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ku biyu ne a tukunyar nan, ban ga an taɓa yi muku gori ba." Shi kuwa Nuru, in ya rufe ƙofarsa, ko turmi ba a dakawa. "Yana karatu," in ji uwarsa. Raudatu, da take share ƙofar ɗakin, takan ji rediyo yana ba da labarin ƙwallo a hankali.

Najiba ta rame. Ta daina gyara wa Raudatu aikin makaranta, ta daina yi mata kitso sai ya tsufa ya warware. Amma duk Alhamis tana fita da wuri, ta hau bensikin, babur ɗin haya, ta dawo da fuskarta a sake. Har wata rana ta ce wa 'yarta Farfesa ya ba ta sha biyar a aikin da ta gabatar, ya ce ba wanda ya kai ta a ajin.

Sai aka kawo Goggo Tasalla, matar wani falke, da kumburi a ciki. Ranar Litinin suka sauka. Najiba ta ga yadda matar take numfashi ta ce a kai ta asibiti yau. Badamasi ya ce a fara gwada rubutun Malam. Talata ya ce mijinta bai sayar da albasarsa ba. Laraba ya ce mota ba ta samu ba. Alhamis da safe matar ta kasa tashi, mijinta ya zauna a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

"Nuru ya iya Faransanci," in ji Najiba, murya ƙasa-ƙasa, a bayan labule. "Ya kai su ya yi musu magana, ni in na fito daga makaranta in wuce can."

"Nuru yana da jarrabawa a gabansa," in ji Badamasi.

"Ni ma ina da ita."

"Ciwon mace ne. Ki sa saurayi ya tsaya yana fassara abin da ke cikin tsohuwa? Ke ba ki da kunya ne, ko bokon ne ya cinye ta? In matar nan ta mutu a gidana saboda seminer ɗinki, sai ki je ki faɗa wa Allah sha biyu kike nema."

Ta tafi. Aka kwantar da Goggo Tasalla, aka yi mata aiki, ta rayu. Mako na gaba Farfesa ya tsayar da Najiba bayan zama. Dattijo ne mai furfura, wanda tun da aka yanke albashi yake zuwa da ƙafa daga mahaɗar Ndokoti.

"Madam, biyu ke nan," ya ce.

"Asibiti na je, Farfesa."

"Ke ce ba lafiya?"

"A'a."

"To takardar likita ba ta rufe ki ba. Ban ƙirƙiri dokar nan ba, kuma ba zan karya ta don ke ba, domin akwai waɗanda na riga na hana jarrabawa a kanta. Ina kiran suna, sannan in rufe ƙofa. Ko da rarrafe ne, ki zo."

Ta dawo gida ta faɗa wa yayanta, kalma bayan kalma. Ya girgiza kai cikin jimami. "Mutanen nan ba su da imani. Ceton rai ma laifi ne? Shi ke nan, ba za a sake ba."

Makonni suka wuce ba a sake ba. Saura zama biyu a rufe zango, Alhaji Wakili ya zo gari. Mai shanu ne babba, wanda shekara da shekaru a wani gidan masauki yake sauka, Badamasi kuma ya daɗe yana zawarcinsa. A lokacin malaman firamare suna yajin aiki, Raudatu tana gida.

Alhamis ɗin Najiba ta shirya tun gari bai gama wayewa ba, ta riƙe takalmanta a hannu don kada su yi ƙara. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure. Ta tarar an shimfiɗa darduma sabuwa, Alhaji Wakili yana zaune da yaransa, Badamasi yana zuba masa shayi da kansa.

"Alhaji, ga lauyar da nake faɗa maka. Najiba, gaishe da Alhaji. Takardar ciniki ce za a sa hannu a Bonaberi, can ƙetaren kogi, da wani mai sayen shanu, yana so a karanta masa kafin ya dangwala."

Najiba ta gaishe shi. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga kai. "Yaya, in ka yarda, da azahar."

Alhaji Wakili ya ajiye kofinsa ya dubi Badamasi, ba ita ba. "In akwai wahala, Malam Badamasi, a bari. Inda na saba sauka suna da yaro mai karatu."

"Babu wahala," in ji Badamasi yana murmushi. Ya miƙe ya ja ta bakin ƙofar cikin gida, murmushin ya ɓace. "Tsinka ni za ki yi? Mutumin nan shi ne abincin gidan nan na shekara. Gari bai waye ba tukuna. Mu haye gada, ki karanta shafi biyu, motar Alhaji ta kai ki har ƙofar ajinku kafin hantsi. Na rantse miki. In kin ƙi, ki kwashe 'yarki da littattafanki yau, ki je Farfesan ya ba ku ɗaki."

Mace ba ta shiga motar baƙi maza ita kaɗai, don haka aka ce Raudatu ta raka ta. Yarinyar ta zauna a baya kusa da uwarta. Gadar kogin Wuri babu kowa, suka haye kamar iska, Najiba ta ɗan saki ajiyar zuciya.

A Bonaberi mai sayen shanun bai iso ba. Da ya iso, Najiba ta karanta takardar a tsaye, ta nuna wuri ɗaya da aka ɗora wa Alhaji asarar duk saniyar da ta mutu bayan an sauke, aka gyara, aka sa hannu. Rana ta ɗan ɗaga. Ta rataya jakarta.

"Yaya, mota."

"Yanzu. Bari Alhaji ya ga shanunsa."

Aka zaga garke. Aka dawo. Badamasi ya ce ba a ƙulla ciniki irin wannan a tashi baki bushe, ya aika a sayo soya, tsiren Duwala. Raudatu ta ga uwarta tana duban inuwar katanga tana matse hannun jakarta.

"Yaya, don Allah."

"Direba yana cin abinci. So kike in fizge nama daga bakin mutum?"

Najiba ta kama hannun Raudatu suka fita titi da gudu. Suka sami bensikin, amma a lokacin gada ta cushe. Manyan motocin katako da na siminti sun jeru tun daga bakin ruwa, ko babur ba ya samun kafa. Suka sauka suka haye da ƙafa, takalmin Najiba ɗaya ya tsinke, ta cire duka ta riƙe. A can ƙetare suka sake hawa wani babur, ya ratsa da su cikin hayaƙi da 'yan talla har Ndokoti.

Ƙofar ajin a rufe take. Ana jin muryar wani ɗalibi yana karanta aikinsa a ciki. Najiba ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta sauke. Ta zauna a kan dakali, ƙafafunta duk taɓo, Raudatu ta zauna kusa da ita, har aka fito. Ɗalibai suka wuce suna kau da kai. Wata ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ashiya," wato sannu da Pijin, ta wuce.

Farfesa ya tsaya ya dubi ƙafafunta, ya dubi yarinyar. "Na jinkirta kiran suna yau, Madam, har aka fara gunaguni. Uku ke nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Majalisar sashe za ta zauna kafin jarrabawa. Wani lokaci sukan saurari uzuri in wanda ya jawo shi ya zo da kansa ya faɗa. Ban yi miki alkawari ba. Ki kawo shi."

Badamasi ya ce zai je, me zai hana. Ranar zaman ya tashi da sassafe ya tafi kasuwar bakin ruwa ta Yupwe sayen kifin baƙi, abin da bai taɓa yi da kansa ba, bai dawo ba sai bayan la'asar. "Kwale-kwalen ne ba su shigo da wuri ba," ya ce. "Kuma ni in je in ce musu me? Da wane Faransancin? Dariya kawai za su yi mini."

Najiba ta zauna sauran jarrabawoyin duk da haka. Da aka kafe sakamako ta tafi ita kaɗai ta dawo da azahar, ta tarar da su a tsakar gida.

"Yaya aka yi?" in ji Bilki.

"Sha huɗu, sha biyar, sha huɗu. Sai sifirin. Da aka haɗa, sha ɗaya. An cire sunana."

"Sha ɗaya kuma?" in ji Badamasi. "To ai kin wuce rabi. Ni dai mutanen nan ban gane musu ba. Kada ki damu, baɗi sai ki sake, kamar Nuru."

"Babu baɗi, Yaya. Na faɗa maka."

"To Allah bai yi ba. Abin da ba rabonka ba ko yana bakinka sai ya faɗi. Ki yi haƙuri."

"Ai ba a rasa komai ba," in ji Bilki. "Ga ci, ga sha, ga wurin kwana. Wasu da digirin nasu suna tallan gwanjo a Ndokoti. Shinkafar baƙi tana jiranki, in kin huta."

Najiba ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ɗakin albasa, ta tattara littattafan aro ta ɗaure da igiya don ta mayar, ta fito ta hura wuta.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Wakili ya dawo da wani garken, kuma a gidan Badamasi ya sauka. Da la'asar aka ba Raudatu tiren shayi ta kai zaure. Ta durƙusa tana jera kofuna. Ba wanda ya dube ta, kamar yadda ba a duban buta.

"Na ji wata magana da ba ta yi mini daɗi ba," in ji Alhaji Wakili. "An ce ranar da muka je Bonaberi mun jawo wa ƙanwarka asarar karatu. Da na sani ai da na jira azahar."

"Ba asara, Alhaji," in ji Badamasi. "Dokarsu ce. Fashi uku, sifiri. Da sifiri ba a kai sha biyu. In ba a kai sha biyu ba a rubutu na biyu, babu na uku. Shi ke nan." Ya lissafa su a kan yatsunsa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. "Ka duba fa, da ta ci, jami'a za ta ɗauke ta. Ta kama ɗaki a can, ta kwashe 'yarta. Wa zai shigar muku duwan? Wa zai ga tarkon da aka ɗana maka a takardar nan? Ilmin ta riga ta samu, yana kanta. Takarda ce kawai ba ta samu ba, takarda kuwa ba ita ke fito da kaya ba. Yanzu duk ranar da ka zo tana gida, har Alhamis."

Alhaji Wakili ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. Bai tashi ba, bai kuma canja masauki ba.

Irin wannan zalunci ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa ba a kai shi gaban mai unguwa. Ba a doke ta ba, ba a kulle ta ba, ba a yaga mata littafi ba. Kowace rana da uzurinta mai kyau: kayan baƙo, ran mara lafiya, mutuncin gida. Wanda ya ji uzurin ɗaya zai ce maigida ya yi daidai. Sai wanda ya zauna a gidan ya ga a wace rana uzurin yake faɗowa. A unguwa har yau cewa ake Badamasi ya riƙe ƙanwarsa da marainiyarta a shekarun da kowa ke korar nasa, kuma gaskiya ne ya riƙe su.

Raudatu ta dawo da tiren. Ta tarar da uwarta a bakin murhu tana tankaɗe gari, an riga an gaya mata gobe za ta raka wani baƙo ofishin fasfo. Yarinyar ta tsaya a kanta har Najiba ta ɗago.

"Mene ne? Kin fasa kofi?"

"A'a. Mama, Kawu ne ya sa aka kore ki."

"Kul, kada in sake ji. Kawunki bai yi boko ba. Bai gane yadda dokar take ba ne, yana ganin kamar bak ɗin Nuru ce. Da ya gane da bai yi ba." Ta mayar da kanta kan rariya. "Je ki wanke kofunan."

Raudatu ta je ta wanke. Ba ta san mene ne metiriz ba, ba ta kuma san yadda ake haɗa maki har sha huɗu ta koma sha ɗaya ba. Abin da ta gane a ranar shi ne kawunta ya fahimci dokar nan sarai tun ranar da uwarta ta durƙusa ta faɗa masa, kuma da ita ya yi aiki.